Yadda aka kafa Nicodemus, garin manoma a jihar Kansas, da abin da ya hana shi girma

Tambaya: Na ji an ce a da gwamnatin Amurka tana raba wa mutane gonaki kyauta, kuma ta haka ƙananan garuruwan manoma na tsakiyar ƙasar suka samu. Gaskiya ne? Yaya ake kafa gari a dajin Allah, kuma me ya sa wasu garuruwan suka bunƙasa, wasu suka koma kufai?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, an yi haka. Sai dai fili kaɗai gwamnati ta bayar. Garma da dabbar da za ta ja ta, da iri, da rijiya, da abincin da iyali za su ci kafin amfanin farko ya nuna, duk suna wuyan mai gona. A nan ne yawancin mutane suka gaza. Maimakon in yi maka bayani a dunƙule, gara mu ɗauki gari ɗaya mu bi shi daki-daki. Garin shi ne Nicodemus, a gundumar Graham, arewa maso yammacin jihar Kansas, wanda baƙaƙen fata, yawancinsu 'yantattun bayi daga Kentucky, suka kafa a 1877.

Kafin a ba kowa fili sai an auna ƙasar. Tun 1785 majalisar Amurka ta kafa tsarin awo guda ɗaya ga filayen gwamnati na yamma. Masu safiyo suna yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane yanki mil 6 tsawo, mil 6 faɗi. Kowane yanki a raba shi gida 36, kowane gida mil ɗaya ta kowane ɓangare, wato eka 640. Rubu'in gida ɗaya shi ne eka 160, kimanin hekta 65, tafiyar mita 800 ta kowane gefe. Wannan rubu'in shi ne gonar mutum ɗaya. A Kansas an keɓe gida na 16 da na 36 a kowane yanki domin makaranta, a sayar ko a ba da haya a riƙa biyan malami. Amfanin wannan tsari shi ne mutum yana zaune a ofis zai faɗi lambar gonarsa a rubuta, ba sai an nemi dattijon da ya san iyaka ba. Aibinsa kuma, layin safiyo bai san inda ruwa yake ba. Wani rubu'in kogi ya ratsa shi, na kusa da shi kuwa tudu ne ƙeƙasasshe, amma a takarda girmansu ɗaya, kuɗinsu ɗaya.

Dokar da ka ji labari ita ce wadda ake kira Homestead, wato mallakar gona ta hanyar zama a cikinta. Shugaba Abraham Lincoln ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu 1862, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863. Duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da iyali, namiji ko mace, ɗan ƙasa ko baƙon da ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, yana iya zuwa ofishin filaye ya yi rajistar eka 160. Zai biya dala 12 a ranar rajista, sannan dala 6 a ƙarshe, jimla 18. Bayan rajista dole ya gina wurin kwana a gonar, ya noma wani sashe, ya zauna shekara biyar. In ya yi ƙaura fiye da wata shida, wani yana iya kai ƙara ofis a ƙwace filin a ba shi. Idan shekara biyar ta cika sai ya zo da maƙwabta biyu su rantse cewa ya zauna ya noma, a ba shi takardar mallaka. Mai kuɗi kuma yana iya gajarce wa kansa wahala: bayan wata shida ya biya dala ɗaya da kwata a kowace eka, wato dala 200, ya karɓi takardarsa. A 1873 an ƙara wata doka da ta ba mutum wata eka 160 in zai dasa itatuwa a eka 40, daga baya a 1878 aka rage zuwa eka 10 da aka ga itatuwan ba sa kamawa. Baƙaƙen fata sun sami damar shiga tsarin sosai bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1866 da gyaran tsarin mulki na 14 a 1868, waɗanda suka tabbatar da cewa su 'yan ƙasa ne.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Wannan ƙasa da ake rabawa tana da masu ita. Yammacin Kansas wurin farauta ne na ƙabilun asali irin su Cheyenne da Arapaho da Pawnee. Da yaƙi da yarjejeniyoyi irin ta Medicine Lodge ta 1867 aka tura su kudu zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, sannan maharba masu neman fata suka ƙarar da garkunan ɓaunar da rayuwarsu ta dogara a kai, cikin 'yan shekaru a farkon 1870. Duk garin manoma na wannan yanki, na farare ko na baƙaƙe, a kan wannan aka gina shi.

To su wa suka zo Nicodemus, kuma me ya taso su? Kentucky ba ta ɓalle daga Amurka lokacin yaƙin basasa ba, saboda haka shelar 'yanta bayi ta Lincoln ta 1863 ba ta shafe ta ba. Bauta ba ta ƙare a can ba sai a Disamba 1865. Shekara goma sha biyu bayan haka yawancin 'yantattun suna nan a gonakin tsofaffin iyayen gijinsu, suna noma ana raba amfani, bashin kanti yana cin rabonsu kafin girbi. A 1877 kuma gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare baƙaƙe a jihohin kudu. Kansas tana da suna mai kyau a wurinsu, domin ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ba bauta, kuma a can John Brown ya yi yaƙi da masu bayi. Abin da suke nema bai wuce ƙasar da za a rubuta da sunansu ba.

Gari a wancan zamani kasuwanci ne, kuma yana da kyau a fahimci wannan. Wasu mutane za su haɗu su kafa kamfanin gari, su yi rajistar fili a ofishin gwamnati, su zana tituna a takarda, su yanka filoti-filoti, sannan su shiga neman mutanen da za su zo. Ribarsu tana cikin tashin farashin filoti idan gari ya cika. Kamfanin Nicodemus an kafa shi a Afrilu 1877, mutum bakwai, shida baƙaƙe, ɗaya Bature. Baturen shi ne W. R. Hill, dillalin filaye wanda ya kafa garin Hill City a yamma kaɗan. W. H. Smith ne shugaba, Fasto Simon P. Roundtree sakatare. Sun zaɓi wuri a arewacin kogin Solomon ta Kudu, suka yi rajistar eka 160 a ofishin filaye na Kirwin, suka sa wa titunan sunayen shugabannin Amurka, babban titin shi ne Washington. Takardun tallan da suka raba a majami'un baƙaƙe sun yabi ƙasar fiye da kima, sun yi maganar itatuwa da namun daji da ƙasa mai albarka, har da alkawarin ba za a buɗe mashaya a garin ba tsawon shekara biyar. Wata takardar da aka liƙa a Lexington, wani birni a Kentucky, ta ce duk mai son zuwa Kansas ranar 5 ga Satumba 1877 zai iya tafiya a kan dala 5.

Roundtree ya isa a watan Yuni 1877. A ƙarshen Yuli wasu kimanin talatin suka zo daga Topeka, cikinsu da Zachariah T. Fletcher da matarsa Jenny. Babban ayari, mutum ɗari uku da wani abu, ya taso daga Lexington a Satumba. A Maris 1878 wasu kimanin 150 suka biyo daga yankin Georgetown, shi ma a Kentucky. Jirgin ƙasa yana sauke su a Ellis, daga nan saura mil 35, kusan kilomita 56, a ƙafa ko a keken doki, ba hanya, ba bishiyar da za a yi alama da ita.

Babban kuskuren da aka yi shi ne lokacin zuwa. Wanda ya isa yammacin Kansas a Satumba ya makara. Masara tana son a shuka ta a Afrilu ko Mayu, sanyi mai kashe shuka yana sauka a Oktoba, ƙasar kuma ko fasa ta ba a yi ba. Wato wannan ayari na Satumba ba zai ci daga gonarsa ba sai bayan kusan shekara guda, ga hunturu mai dusar ƙanƙara a gaba, ga kuɗin hannu ya ƙare a tikitin jirgi. Da yawa da suka ga wurin suka juya nan take. A ganina masu kamfanin sun san kalandar noma sarai, kuma alhakin wahalar wannan hunturu yana kansu fiye da kan yanayi. Ayarin Maris ya fi dacewa da lokaci, amma ƙyanda ta kama yaransu a hanya, wasu suka rasu. Willianna Hickman, matar Fasto Daniel Hickman, tana cikinsu. Ta ba da labari bayan ta tsufa cewa da aka ce mata ga Nicodemus can, ta duba ba ta ga gini ko ɗaya ba, sai hayaƙi yana fitowa daga ƙasa, domin mutanen a cikin rami suke zaune, sai ta fashe da kuka.

Wannan zaman rami dabara ce ta dole a ƙasar da ba katako. Ana neman gangaren tudu ko gaɓar rafi, wanda ya fi kyau mai kallon kudu don ya sami rana ya juya wa iskar arewa baya. A haƙa ɗaki a ciki, ƙasa ta zama bango uku, a gina na gaba, a bar ƙofa da taga ɗaya. A ɗora azara ta itacen bakin kogi, a jera rassa, a shimfiɗa ciyawa, a rufe da ƙasa, a fito da bututun murhu ta sama. Yana da ɗumi a hunturu, da sanyi a lokacin zafi, kuma mutum biyu za su gama shi cikin 'yan kwanaki. Matsalarsa ruwa. In ba a haƙa lambatu ta sama an karkatar da ruwan gangare ba, ruwan sama ɗaya zai cika ɗakin. In aka haƙa kusa da rafi ƙwarai, ambaliya ta shigo. Saniya ma takan bi ta kan rufin ƙafarta ta ɓurma.

Wanda ya ɗan sami sarari sai ya gina ɗakin ɓawon ƙasa. Ciyawar wannan fili gajera ce amma saiwarta a sarƙe take, ta kama ƙasar sama tamau, har ana iya yanka ta a ɗaga ba ta warwatse ba. Da garma ake feɗe ta dogon zubi, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin inci huɗu, sannan a sassara da shebur tsawon ƙafa biyu zuwa uku. Kowane yanki yana kai kilo ashirin ko fiye. Ana jera su kamar tubali, fuskar ciyawa tana kallon ƙasa don saiwa ta kama na sama, a yi layi biyu ko uku gefe da gefe, haɗin wannan sahu kada ya faɗa kan haɗin na ƙasansa. Bayan kowane sahu uku ko huɗu a gitta ɗaya a kwance don ya ɗaure bangon. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 yana cin ɓawon kusan eka guda. Abin da aka yanka a ranar, a ranar ake gina shi, in ya kwana ya bushe sai ya ruguje a hannu. Kurakuran da aka fi yi guda biyu ne. Na farko, a manne katakon taga da bango ba a bar sarari a samansa ba: bangon yana zama ƙasa da inci da yawa cikin watannin farko, sai ya danne taga gilashin ya fashe. Masu sani sukan bar gibi su cusa tsumma ko ciyawa. Na biyu, a yi gaggawar shafe, alhali sai bango ya gama zama ake shafa masa yumɓu da toka. Rufin kuwa kusan ba wanda ba ya yoyo. In an yi ruwa na yini ɗaya, cikin ɗaki zai yi ta ɗiga har kwana biyu ko uku bayan an ɗauke. Sa'ar mutanen Nicodemus ita ce akwai farin dutse a yankin, mai laushi lokacin da aka fasa shi, ana yanka shi da zarto, sai ya taurare in ya sha iska. Da shi aka yi gine-ginen da suka daɗe.

Makamashi kuma kandilo ne, na ɓauna da na shanu, da karan furen rana, da rassan bakin kogi. A hunturun farko abinci ya yi ƙaranci ƙwarai. Zuriyar garin har yau suna ba da labarin cewa wasu maharban ƙabilar Osage da ke wucewa sun raba musu nama. Shugabannin garin sun fita neman taimako a gabashin Kansas da wasu jihohi, aka aiko da abinci da tufafi. Maza suka riƙa takawa zuwa Ellis da sauran tashoshi neman aikin lebura a layin dogo, ko ƙodago a gonakin waɗanda suka riga su zama. Wata hanyar samun kuɗi ita ce tsintar ƙasusuwan ɓaunar da maharba suka bari warwatse a fili, a kai tasha a sayar dala shida zuwa takwas kowane tan, a tura gabas a yi taki da tace sukari. Lura da tarkon da ke cikin wannan: dole mutum ya bar gona ya nemo kuɗi, doka kuma ta ce in ya daɗe ya rasa gonar. Saboda haka mata da yara ne suka riƙe zaman, kuma da yawa daga cikin takardun mallakar da aka samu a irin waɗannan garuruwa haƙurinsu ne ya samo su. A cikin wannan hali aka haifi jaririn farko na garin, Henry Williams, a Oktoba 1877.

Sai aikin da ya fi kowanne nauyi, fasa sabuwar ƙasa. Garma ta yau da kullum ba ta iya wannan ɓawo. Akwai garma ta musamman mai dogon baki mai kaifi, wadda take shiga inci biyu zuwa uku kawai, ta yanke saiwa ta kifa ɓawon. In aka zurfafa, ɓawon ya yi kauri ya ƙi ruɓewa, dabbobi su gaji a banza. Lokacinsa daga Mayu zuwa Yuni, sa'ad da ciyawa take ɗanya tana girma, don in an kifa ta zafi ya ruɓar da saiwar. Wanda ya fasa da wuri ciyawa ta sake tsirowa, wanda ya makara ɓawon ya bushe ya zauna yadda yake har baɗi. Bijimai biyu masu ƙarfi suna fasa eka ɗaya ko ɗaya da 'yan kai a yini, bakin garmar kuma kullum sai an wasa shi. A shekarar farko ba a yin kunya. Manomi yakan bi da gatari yana sara ɓawon da aka kifa, ya jefa ƙwayar masara uku ko huɗu, ya take da dunduniya. Amfanin kaɗan ne, amma ba ya son noma domin ciyawa ba ta fito ba tukuna. Da kaka sai a sake bi da garma a ɗan zurfafa, a juyo ɓawon da ya ruɓe, sannan ƙasar ta karɓi alkama.

Duk wannan yana bukatar dabba, mutanen Nicodemus kuwa kusan ba su da ita a shekarar farko. Dawakan da ke garin gaba ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wasu da shebur da fartanya suka yi kaftu, akwai kuma wanda ya ɗaura wa saniyar tatsarsa garma. Mutumin da ke da eka 160 a takarda sai ka tarar abin da ya iya nomawa bai wuce eka biyar ko goma ba. Ayarin 1878 da waɗanda suka biyo baya sun zo da dawaki da kayan aiki, aka riƙa aro da gayya, daga nan gonakin suka fara faɗaɗa.

Ruwan sama shi ne ɗaya matsalar, kuma ita ba ta da magani. Nicodemus yana dab da layin digiri 100 na yamma, inda ruwan shekara yake sauka zuwa inci 20, kusan milimita 500. Wannan bai yi nisa da abin da manomin Maradi yake samu ba, sai dai a Kansas wani kaso dusar ƙanƙara ne, kuma iska mai zafi daga kudu tana iya ƙone masara cikin kwana uku lokacin da take fitar da fure. A 1878, shekarar da ayari na uku ya iso, masanin ƙasa John Wesley Powell ya miƙa wa majalisa rahoto cewa yamma da wannan layi eka 160 ba za ta riƙe iyali ba sai da ban ruwa, gonar kiwo kuma tana bukatar eka 2,560. Majalisa ba ta saurare shi ba. Dillalan filaye suna ta yaɗa cewa noma da kansa yana jawo ruwan sama, kuma da yake farkon shekarun 1880 an sami ruwa, mutane suka gaskata. Mutanen Kentucky sun saba da masara da taba a ƙasa mai ruwa ninki biyu na wannan. Sai da asara ta koya musu komawa ga alkamar hunturu, wadda ake shukawa a Satumba ta kwana ƙarƙashin sanyi a girbe ta a Yuni ko Yuli kafin tsananin zafi, musamman jar alkama mai tauri irin wadda Menonawa, mabiya wata ɗariƙar Kirista, suka zo da ita daga Rasha a 1874. Suka kuma riƙe dawa, wadda asalinta daga Afirka take, domin ita takan tsaya ta jira ruwa inda masara ta mutu. Har gobe Kansas ce kan gaba a noman dawa a Amurka.

Duk da haka garin ya tsaya da ƙafarsa da sauri. An buɗe gidan waya a 1877, Z. T. Fletcher ne mai riƙe da shi, kuma shi ya buɗe kantin farko, daga baya ya gina otal ɗin St. Francis a 1881. Jenny Fletcher ta fara koyar da yara a ɗakin rami, a 1879 aka kafa hukumar makaranta, ita ce ta farko a duk gundumar Graham. Majami'un Baptist da Methodist sun fara a rami, suka koma ɗakin ɓawon ƙasa, sannan ginin dutse. A 1879 mutanen garin suka taru suka yanke shawarar daina neman taimako daga waje. Wannan shekarar ce dubban baƙaƙe suka yi gudun hijira daga Mississippi da Louisiana zuwa Kansas, kuma sau da yawa ana haɗa labarinsu da na Nicodemus, alhali Nicodemus ya riga su da shekara biyu. A siyasa ma sun taka rawa. Edward P. McCabe, wanda ya zo a 1878, ya zama magatakardan gunduma lokacin da aka kafa ta a 1880, sannan a 1882 aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas, aka sake zaɓensa a 1884. Zuwa 1887 garin yana da banki, da kantuna, da otal, da maƙera, da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Kada ka yi mamakin jarida biyu a ƙaramin gari. Tun 1879 doka ta wajabta wa duk mai neman takardar mallaka ya buga sanarwa a jaridar da ta fi kusa da gonarsa, kuma kuɗin wannan sanarwa shi ke riƙe irin waɗannan jaridu. Sauran shafukan kuma tallan gari ne.

Yanzu ga amsar ƙarshen tambayarka. Abin da ke raya garin manoma a wannan fili ko ya kashe shi shi ne tashar jirgin ƙasa. Keken doki mai kaya ba ya wuce mil 15 zuwa 20 a yini. Daga Nicodemus zuwa Ellis da dawowa kwana huɗu ke nan, don a sayar da lodi ɗaya na alkama, a sayo katako da gawayin kwal. Shi ya sa kamfanonin jirgi suke kafa tasha kowane mil bakwai zuwa goma, yadda manomi zai kai kaya ya dawo gida a yini ɗaya. Inda tasha take, nan rumbun sayen hatsi yake, nan manomi zai karɓi kuɗi, nan kuma zai kashe su. Akwai kuma wani ƙulli tun daga farko: gwamnati ta ba kamfanonin jirgi rabin filayen da ke cikin mil 20 dama da hagu na layinsu, don haka talakan da ke neman cikakkiyar eka 160 kyauta yakan tsinci kansa nesa da dogo.

Mutanen Nicodemus sun san wannan sarai. A 1887 suka jefa ƙuri'a suka amince da takardun lamuni na dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific, wato su ɗora wa kansu haraji a ba kamfani in ya kawo layi. Layin ya tsaya a Stockton, gabas da su, bai ƙaraso ba. Sun sa rai da Santa Fe, shi ma bai zo ba. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa reshensa ta kudancin kogin Solomon, ya wuce su da kimanin mil shida, ya kafa tasha a sansanin leburorinsa, wurin ya zama garin Bogue. Kamfanonin jirgi sun saba yin haka, domin in suka kafa sabon gari a filin da suke da hannu a ciki, ribar filoti tasu ce, in kuwa suka shiga tsohon gari ribar ta wasu ce. Ana kuma zargin launin fatar mutanen ya shiga lissafin, kuma ba zargi ne na banza ba a Amurkar wancan lokaci, amma garuruwan Turawa da yawa a Kansas sun mutu ta wannan hanya ɗaya. Cikin watanni 'yan kasuwa suka fara kwashe kaya zuwa Bogue, wasu har gine-ginen katakonsu suka ɗora a kan keke suka ja. A shekarar nan kuma Hill City ta zama hedikwatar gunduma, bayan guguwa ta rushe Millbrook, tsohuwar hedikwatar, a 1887. Wato hanyoyi biyu da ƙaramin gari yake samun jama'a, tasha da kotun gunduma, duka sun kuɓuce. Fari ya biyo baya, farashi ya faɗi, har a 1889 manoman Kansas suna ƙona masara a murhu saboda ta fi kwal araha.

Kasuwar garin ce ta mutu, gonakin ba su mutu ba. A duk Amurka an yi rajista kusan miliyan huɗu a ƙarƙashin dokar Homestead, waɗanda suka kai ga takardar mallaka kimanin miliyan 1.6 ne, ƙasa da rabi. Iyalan Nicodemus da yawa suna cikin waɗanda suka kai, wasu ma suka sayi gonakin maƙwabtan da suka tashi har suka mallaki ɗaruruwan eka. Abin da ya ci da yawa daga cikin wannan ƙasa daga baya shi ne jingina da bashin haraji, musamman lokacin fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, sai kuma zuwan tarakta, wadda ta sa mutum ɗaya yana noma abin da iyali goma suke nomawa a da, matasa suka tafi Denver da Topeka da California. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 14 a garin. A 1976 an sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a Nuwamba 1996 kuma majalisa ta ɗora wa hukumar kula da wuraren tarihi da gandayen ƙasa alhakinsa, da gine-gine biyar: majami'un nan biyu, da makaranta, da otal ɗin Fletcher, da zauren taro na dutse da aka gina a 1939. Bikin 'yanci da suka fara tun 1878, wanda asalinsa tunawa ne da ranar 1 ga Agusta 1834 da Ingila ta soke bauta a tsibiran Karibiyan, har yanzu ana yin sa a ƙarshen watan Yuli, zuriyar garin suna zuwa daga jihohi daban-daban, kuma wasu daga cikinsu suna noman alkama da dawa a filayen da kakanninsu suka yi wa rajista a Kirwin.